Darasi na Tara: A Ƙirga Motoci Kafin a Zuba Kwalta

Ku tambayi mutum biyar a Jos abin da ke jawo cunkoso a Taminus, za ku sami amsa biyar. Direban tasi zai ce 'yan Keke Napep ne da ba su san hannu ba. Ɗan keke zai ce masu talla ne suka cinye rabin titi. Mai talla za ta ce tun da babbar kasuwa ta ƙone a watan Fabrairun 2002 ba a ba ta wani wurin zama ba, to ina ake so ta kai tirenta? Ma'aikacin gwamnati da ke sauri ya kai Sakatariya kafin ƙarfe takwas zai ce titin ne ya yi wa garin kaɗan, a yi gadar sama kowa ya huta. Tsohuwar da ta yi minti goma a bakin titi tana jiran ta tsallaka, ita ba a ma cika tambayarta ba.

Kowannensu yana da gaskiyarsa, domin kowa abin da ya gani ya faɗa. Hausawa sun ce ido ba mudu ba ne amma ya san ƙima. Haka ne, sai dai ran da za a raba kuɗin gyaran hanya ba a karɓar ƙima, mudun ake nema. Injiniya yana so ya ji mota nawa, wace iri, a wane lokaci, daga ina zuwa ina. Wannan darasi zai koya mana yadda ake samo waɗannan amsoshi da takarda da biro da agogon waya, da kuma yadda ake mai da su hujjar da za a ajiye a gaban kansila ko ma'aikata.

Yadda garin yake kwance

Kafin a ƙirga abin da ke bin hanya, yana da kyau a san dalilin da ya sa hanyar take inda take. Haƙar kuza ce ta raya Jos a farkon ƙarni na 20. Ƙaramin jirgin ƙasa daga Zariya ya iso Bukuru a 1914, babban layi daga Kafanchan ya shigo a 1927, kuma gari ya yi ta girma yana bin layin dogo da sansanonin ma'adinai. Duwatsu sun tare shi ta wasu ɓangarori, kududdufan da masu haƙar kuza suka bari sun tare shi ta wasu, kogin Dilimi kuma ya ratsa tsakiyarsa. Shi ya sa Jos ta fi tsawo a kan faɗi. Daga Farin Gada a arewa har Bukuru da Mararrabar Jama'a a kudu, kusan kowa sai ya bi 'yan manyan tituna ƙalilan: titin Zariya, titin Bauchi, titin Murtala Mohammed, titin Ahmadu Bello da titin Yakubu Gowon. Garin da ke shimfiɗe a fili irin Kano yana da damar ɓullo da hanyoyi ta kowace kusurwa. Jos ba ta da wannan sararin, don haka in mahaɗa ɗaya ta toshe, rabin gari ne zai ji a jikinsa.

Ga kuma baƙi. Babbar hanyar tarayya mai lamba A3, wadda ta taso daga Fatakwal ta bi ta Makurdi da Lafiya da Akwanga, ta Jos take ratsawa zuwa Bauchi da Maiduguri. Tirelar da ta sha wahalar Hawan Kibo ba lallai Jos ta zo ba, wucewa take yi, amma da mutanen gari take raba kwalta. A ƙidayar jama'a ta 2006, Jos ta Arewa tana da mutum sama da 400,000, Jos ta Kudu sama da 300,000, kuma duk mai ido ya ga yadda unguwanni suka ƙaru tun daga lokacin. An yi wa garin babban tsarin raya birni wanda aka shirya ya yi aiki daga 2008 zuwa 2025. Kowane irin tsari na gaba zai dogara ne a kan alƙaluma, kuma unguwar da ba ta cikin alƙaluma da wuya ta shiga cikin tsari.

Takardar ƙidaya

Ku ɗauki fallen takarda ku kwantar da shi a kan katako ko bangon littafi mai kauri. A sama ku rubuta sunan wurin, kwanan wata, ranar mako, yanayin gari (rana, ruwa ko hazo), da ɓangaren da motocin suka nufa, misali "daga Gada Biyu zuwa Farin Gada". Sannan ku ja layuka daga sama zuwa ƙasa, ku ba kowane irin abin hawa gidansa: ƙaramar mota, Keke Napep, babur, bas, babbar mota. Tifa da tanka da tirela da roka duk su shiga gidan babbar mota. Ku bar gida ɗaya na baro da kura da keken hawa, da wani na masu tafiya a ƙasa. Ta gefen hagu kuma ku raba lokaci minti goma sha biyar-biyar: 7:00 zuwa 7:15, 7:15 zuwa 7:30, haka har ƙarshe.

Ku zaɓi wata alama da ba ta motsi, kamar turken wutar lantarki ko bakin kwalbati. Abin hawa ba ya shiga lissafi sai ya gifta wannan alama. Duk wanda ya gifta, ku ja masa sanda ɗaya a gidansa. In sanduna sun kai huɗu, ta biyar ku gicciya ta a kansu, sun zama ɗauri guda. Da yamma ba sai kun sha wahala ba, biyar-biyar za ku tattara.

Mutum ɗaya ba zai iya riƙe hannu biyu na titi ba, kada ma ya gwada. A kan titi mai yawan zirga-zirga, hannu ɗaya ma yakan buƙaci mutum biyu, ɗaya ya riƙe keke da babur, ɗaya ya riƙe sauran, domin 'yan keke sukan zo ne a dunƙule, shida ko bakwai lokaci guda, wani na leƙowa ta bayan wani. Na uku shi ne mai agogo, aikinsa kawai ya ce "canja" duk minti goma sha biyar. Bayan awa biyu ido yakan gaji ya fara tsallake, sai a karɓi mutum. A watan Disamba da Janairu kuwa, wanda zai tsaya bakin titi a Jos da ƙarfe shida na safe ya zo da rigar sanyi da hular da ta rufe kunne, in ba haka ba yatsunsa za su ƙi riƙe biro. A mahaɗa ko shataletale aikin ya fi haka yawa, don ba wucewa kaɗai ake ƙirgawa ba, har da inda kowa ya juya: wanda ya miƙe, wanda ya yi dama, wanda ya yi hagu. Ajin da bai saba ba ya fara da miƙaƙƙen titi tukuna.

Me ya sa minti goma sha biyar, ba awa guda ba? Saboda cunkoso yakan ɓuya a cikin jimillar awa. Titi zai iya ɗaukar motocin awa guda lafiya lau in sun zo a rarrabe, amma ya shaƙe in rabinsu sun zo tsakanin 7:30 da 7:45, lokacin da ake rige-rigen kai yara makaranta kafin a rufe ƙofa.

Akwai wata magana da ta shafi Jos musamman, kuma kada malami ya tsallake ta. Garin nan ya ga tashin hankali, kuma baƙon da ya tsaya a mahaɗa yana kallon motoci yana rubutu zai jawo wa kansa tambayoyi. Ku fara gaida mai unguwa ku gaya masa abin da ke tafe da ku, ku sanar da ofishin 'yan sanda mafi kusa, ku riƙe wasiƙa daga makarantarku. Ku gaisa da 'yan kamasho da mai shayin wurin, waɗanda sau da yawa sun fi kowa sanin lokacin da titi ke cika. Kada ku rubuta lambar motar kowa, kada ku ɗauki hoton shingen jami'an tsaro, kuma ku tsaya nesa da bakin kwalta.

Wace rana?

Ƙidayar da aka yi a ranar da ba ta dace ba ta fi rashin ƙidaya haɗari, don tana zuwa da lambobi, mutane kuma suna ganin girman lambobi. Ranar Juma'a da azahar, titunan da ke kewaye da Babban Masallaci sukan cika da sahu, motoci su karkata wasu layuka. Ranar Lahadi da safe garin yakan koma wani iri dabam, 'yan kasuwa da yawa ba su fito ba, amma ƙofofin coci-coci sun cika da motoci. Jos na cikin garuruwan da ranakun nan biyu duka suke da nauyi, don haka wanda ke neman hoton ranar aiki ta yau da kullum ya ƙirga Talata ko Laraba ko Alhamis. Ya guji makon Sallah da na Kirsimeti, da ranar da aka sa dokar hana fita, da lokacin wahalar man fetur. Titin Bauchi da hanyar Naraguta kuma suna da tasu kalandar: in Jami'ar Jos tana hutu ko ana yajin aiki, abin da za ku gani a wurin ba shi ne gaskiyar hanyar ba. Haka damina da rani. Ruwan Yuli da Agusta yakan kori babura daga titi ya cika keke da tasi, kuma lokacin da dankalin Turawa ke fitowa daga Bokkos da Mangu da Barikin Ladi, manyan motoci sukan ƙaru.

Injiniyoyi kan ƙirga kwana bakwai a jere, daga safe zuwa dare, wani lokaci dare da rana, su maimaita a wasu watanni, sannan su fitar da matsakaicin abin da ke bin hanyar kowace rana a shekara. Suna da kayan aiki: wata robar tiyo da ake shimfiɗawa a gicciye a kan titi, duk tayar da ta taka ta iska ta buga na'ura ta ƙirga, waya da ake binnewa cikin kwalta mai jin ƙarfen mota, kyamara da kwamfuta mai bambanta bas da tirela. Launin ja da kore da kuke gani a Google Maps kuwa daga wayoyin mutanen da ke kan hanya yake fitowa, yana nuna gudu ko tsaiko, ba ya faɗin adadi. Duk da haka ƙidayar hannu ba ta tsufa ba. Tiyo ba ta san mai baro ba, ba ta kuma ganin yaron da ke neman tsallakawa.

Mu yi lissafi

Lambobin da ke tafe na koyo ne kawai, ba daga wani titi aka ɗauko su ba. A ce ajinku ya tsaya a wata mahaɗa, a hannu ɗaya, daga 7:15 zuwa 7:30, ya sami ƙananan motoci 90, Keke Napep 160, babura 30, ƙananan bas 12, manyan motoci 8. Jimilla 300. Masu tsallaka titi a ƙasa kuma 210.

Amma tirela da babur ba wuri ɗaya suke ci ba, don haka injiniyoyi sukan auna kowane abin hawa da ƙaramar mota. Ma'aunin yakan bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa. A wannan darasi za mu ɗauki ƙaramar mota a matsayin 1, babur rabi, keke kashi uku cikin huɗu, ƙaramar bas ɗaya da rabi, babbar mota 3. To motoci 90 suna nan 90. Keke 160 sun zama 120. Babura 30 sun zama 15. Bas 12 sun zama 18. Manyan motoci 8 sun zama 24. In an haɗa, 267. In sauran awar ta tafi haka, sai a ninka sau huɗu, a sami 1,068 a awa.

Yanzu ga tambayar da ta fi muhimmanci: nawa titin zai iya ɗauka? Abin da masana suka auna a ƙasashe da dama shi ne, layi ɗaya na titi mai kyau yakan fitar da ƙananan motoci kimanin 1,800 a awa in ba a tsayar da su ba ko kaɗan. A mahaɗa kuwa dole a raba lokaci. In danja ko mai ba da hannu ya ba ɓangarenku rabin lokacin, layi ɗaya zai fitar da kimanin 900, layi biyu 1,800. Ke nan titi mai layi biyu ya ishi 1,068 har da rara mai yawa, bai kamata a ga cunkoso ba.

Sai ku ɗaga kai daga takarda ku dubi bakin mahaɗar. Keke uku sun tsaya a layin gefe, dab da kwana. Ɗaya na sauke wata mata da buhun kabeji, direban na laluben canji a aljihun gaba. Na biyu ya leƙo da kai yana kiran "Taminus, mutum ɗaya!" Na uku bai da fasinja ko ɗaya, jira yake. Da zarar ɗaya ya tashi wani ya maye gurbinsa, don haka layin nan a rufe yake tun safe, ko da yake ba wanda ya yi minti biyu a wurin. Titin mai layi biyu ya koma mai layi ɗaya, mai fitar da 900, alhali 1,068 ne ke zuwa. Kowace awa 168 suna taruwa a baya. In kowace mota ta ci mita 6 har da tazarar da ke gabanta, aka jera su a layi ɗaya, an sami jerin gwano na mita 1,008, wato kilomita guda cikin awa ɗaya.

Wanda ke ƙarshen wannan layi zai rantse cewa titin ya yi kaɗan. Lissafi ya nuna titin ya isa, wurin lodi ne babu. Maganin irin wannan mahaɗa shi ne a matsar da wurin sauka da hawa mita hamsin ko ɗari gaba da kwana, a yanka masa gurbi a gefen titi, a zauna da shugabannin 'yan keke a yarda a kan ƙa'ida. Korar su da sanda ba ta aiki fiye da kwana biyu, domin inda fasinja yake tsayawa nan keke zai tsaya. Kuɗin wannan gyara bai kai na ƙafar gadar sama ɗaya ba.

Ba ana cewa gadar sama ba ta da amfani ba ne. Jos tana da ta Gada Biyu, da ta mahaɗar Sakatariya, da ta British-America wadda aka yi a zamanin Gwamna Simon Lalong, kuma inda manyan hanyoyi biyu masu nauyi suka gicciya juna, raba su sama da ƙasa yana da hujja. Sai dai gada takan tura cunkoso zuwa mahaɗa ta gaba in ba a auna ta ita ma ba. Faɗaɗa titi kuma yakan kira sababbin motoci. A birnin Houston na Amurka an kashe biliyoyin daloli an faɗaɗa wata babbar hanya mai suna Katy Freeway, aka gama a 2008, ta zama cikin mafiya faɗi a duniya, amma cikin 'yan shekaru tsaikon safe da yamma ya dawo.

Mutane ake kaiwa, ba ƙarfe ba

Mu koma kan lambobinmu ta wata fuska. A ce kowace ƙaramar mota tana ɗauke da mutum 2, keke fasinja 3, bas 14, babur 1. Motoci 90 sun kai mutum 180, keke 480, bas 168, babura 30. Jimilla 858. Ku lura da kyau: bas 12 kacal sun ɗauki kusan adadin mutanen da motoci 90 suka ɗauka. Motocin sun ci sulusin titin, bas ɗin ba su ci ko kashi 7 cikin 100 ba. Masu tafiya a ƙasa su 210 kuwa sun fi duk mutanen da ke cikin ƙananan motocin yawa, amma in da takardar ba ta da gidansu, da ko ɗaya bai fito a rahoto ba.

A ganina nan ne ƙidaya ta fi yin tasiri, kuma nan ne aka fi yin sakaci. Abin da aka ba gida a takarda shi ake yi wa aiki. In motoci kaɗai aka ƙirga, maganin da zai fito na masu mota ne. In an ƙirga mutane, sai a fara maganar dandamalin tafiya a gefen titi, da zanen tsallakawa a gaban makarantar firamare, da tudun rage gudu, da fitila a wurin da mata ke dawowa daga kasuwa bayan magariba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kimanin mutum miliyan 1.19 ne ke mutuwa a haɗarin hanya kowace shekara, kuma fiye da rabinsu masu tafiya a ƙasa ne da masu babur da masu keken hawa. Irin wannan lissafi na mutane ne ya sa Legas ta ware wa manyan bas layinsu na kansu a 2008. Shi ne kuma ya kamata a auna bas ɗin Tin City Metro da shi, waɗanda gwamnatin Caleb Mutfwang ta sa a hanya a 2024: mutum nawa suke kaiwa a awa tsakanin Bukuru da Taminus, kuma a wace tasha ce ake barin fasinja a tsaye don babu wuri.

Ƙidaya takan kuma tona inda doka da buƙata suka raba hanya. Tun zamanin Gwamna Jonah Jang aka hana acaɓa, wanda mutanen Jos ke kira "goyin", a cikin Jos da Bukuru, Keke Napep ya maye gurbinsa. In kuka ƙirga a bakin wata unguwa da ke kan dutse kuka ga babura sun fi komai yawa, kada ku yi saurin cewa mutanen wurin ba sa jin magana. Ku shiga ku duba hanyar. Mai yiwuwa ruwa ya zaizaye ta har keke ba ya iya hawa.

Abin da ke cinye kwalta

Yawan motoci shi ke kawo cunkoso, amma nauyi ne ke fasa titi, shi da ruwan da ya rasa magudana. Tsakanin 1958 da 1960 an yi wani babban gwaji a jihar Illinois ta Amurka, inda aka yi ta zagaya manyan motoci masu nauyi daban-daban a kan titunan gwaji har suka farfashe. Abin da aka gano ya zama ƙa'idar da ake aiki da ita har yau. Ana duba nauyin da ke kan kowane aksul, wato ƙarfen da ke riƙe da tayoyin hagu da dama. In nauyin ya ninku sau biyu, ɓarnar ba sau biyu take ninkuwa ba, kusan sau 16 ne, wato 2 sau 2 sau 2 sau 2. Aksul mai ɗauke da tan 8, in an gwada shi da mai tan 1, ɓarnarsa 8 sau 8 sau 8 sau 8 ce, wato 4,096. Ƙiyasi ne, amma ya isa ya nuna cewa tifa ɗaya da aka yi wa lodin yashi har ya yi tozo ta fi dubban ƙananan motoci cin titi.

Shi ya sa gidan manyan motoci a takardarku, ko da lambarsa ƙarama ce, shi injiniya zai fara dubawa in zai yanke kaurin dutse da kwaltar da za a zuba. Layin unguwa da aka yi don ƙananan motoci, in tifofi suka mai da shi hanyar yanke, damina biyu ta ishe shi. A 2024 gwamnatin Filato ta fitar da umarni mai lamba 003, wanda ya hana manyan motoci shiga tsakiyar gari daga ƙarfe 6 na safe zuwa 9 na dare. Mai son ya san tasirinsa sai ya ƙirga da rana ya kuma ƙirga bayan ƙarfe tara, ya duba inda motocin ke kwana suna jira, ya duba ko sun koma bin wasu ƙananan layuka.

A wuri irin Farin Gada, inda kasuwar kayan gwari take, adadi kaɗai bai wadatar ba. Motar da ta kawo tumatir da kabeji da karas tun asuba, nan ta zo, abin da take buƙata filin sauke kaya ne. Tirelar da ta fito daga Bauchi za ta Kaduna kuwa hanyar kewaye take buƙata. A takarda duka biyun sanda ɗaya ce a gida ɗaya. Ana bambanta su ne da tambaya: daga ina, zuwa ina, me aka ɗauko? Wannan aiki ne da sai da jami'an Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa ko 'yan sanda, don ba ku da ikon tsayar da mota. Abin da aji zai iya shi ne zuwa tasha ya tambayi direbobin da ke hutawa.

Ƙofar da za a ƙwanƙwasa

Rahoto mai kyau yakan mutu in an kai shi ofishin da ba nasa ba. Hanyoyin Nijeriya kashi uku ne. Na tarayya, irin wadda ta taso daga Akwanga ta wuce Bauchi, suna hannun Ma'aikatar Ayyuka ta Tarayya da hukumar FERMA mai gyaran hanyoyi, wadda aka kafa a 2002. Na jiha suna hannun Ma'aikatar Ayyuka ta Filato, a cikin birni kuma akwai Hukumar Raya Birnin Jos, JMDB. Ƙananan layukan unguwa na ƙaramar hukuma ne, ta hannun kansila. In maganar haɗari ce, a haɗa da Hukumar Kiyaye Haɗurra, wadda take aiki tun 1988 kuma tana ajiye bayanan haɗurran da aka kai mata rahoto. Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 ta ba ɗan ƙasa damar rubuta wa hukumar tarayya ya nemi irin waɗannan alƙaluma, kuma ta ba hukumar kwana bakwai ta amsa.

Rahoton kada ya wuce shafi biyu. A sa zanen wurin da hannu, da jadawalin lambobi, da ranaku da lokutan da aka ƙirga, da buƙata guda ɗaya tak wadda lambobin suka goyi baya. Takardar da ta nemi gada da asibiti da rijiyar burtsatse a lokaci guda, aljihun tebur take ƙarewa. A rubuta lambobin yadda suka fito, ko da ba su kai yadda ake so ba. In injiniya ya zo ya sake ƙirgawa ya ga an yi ƙari, unguwar ta zubar da mutuncinta, kuma takardarta ta gaba ba za a karanta ba. Mai unguwa da shugaban ƙungiyar ci gaban unguwa su sa hannu, a ajiye kwafi. In an yi gyaran, bayan wata uku a koma wurin, rana irin ta farko, lokaci irin na farko, a sake ƙirgawa.

Aikin aji

1. Da lambobin misalin da ke sama, a ce fasinjojin da ke cikin keke guda 60 sun koma manyan bas, kowace bas tana ɗaukar mutum 60 kuma ana auna ta da 3. Bas nawa ake buƙata? Nawa 267 zai koma? In an ninka sau huɗu, shin layi ɗaya mai fitar da 900 zai isa?

2. Aksul mai tan 10 da mai tan 5, sau nawa ɓarnar na farko ta fi ta na biyu?

3. Wani ya ƙirga motoci a titin Bauchi ranar Lahadi da safe, jami'a tana hutu, ya ce titin ba ya buƙatar komai. Me za ku ce masa?

4. Ku kasu uku-uku. Kowane rukuni ya zaɓi miƙaƙƙen titi kusa da gida, ya nemi izinin mai unguwa, ya ƙirga hannu ɗaya daga 7:00 zuwa 8:00 na safe ranar Talata, ya maimaita ranar Alhamis. Ku zo aji da takardun biyu, da zanen wurin, kuma ku sa alama a duk inda kuka ga ana lodi ko ana tsallakawa.